Hutun Iyali a Llandudno: Abin da Kuɗinmu Ya Saya a Gaɓar Tekun Wales

Yawancin mutanenmu na Zango da suke samun bizar ziyartar 'yan'uwa a Birtaniya hutunsu bai wuce ɗakin zama na wanda ya gayyace su ba, sai zagayen kantuna da cika akwati da takalma. Ƙanwata, wadda take aikin jinya a Manchester, ta ƙi yarda a yi mana haka. Ita ce ta kama mana masauki a Llandudno, wani garin shaƙatawa da ke gaɓar arewacin Wales, ta ce mu taho da yara da Hajiya mahaifiyarmu a watan Agusta, lokacin dogon hutun makaranta. Tun da muka dawo unguwarmu Aboabo a Kumasi ake tambayata ko wurin ya cancanci abin da aka kashe, musamman iyayen da 'ya'yansu suka tafi aikin asibiti can suke kuma shirin kai musu ziyara. Ya cancanta, amma da sharaɗi: wanda zai je ya cire wankan teku daga lissafinsa, ya sa ransa a kan dutse da tarago da tafiyar ƙafa, sannan ya yi tunani sosai kafin ya zaɓi irin masaukin da zai sauka.

Maganar hanya ba ta da tsawo. Wales ɓangare ce ta Birtaniya, saboda haka bizar ziyara ta wata shida ita ce dai ake shiga da ita, kuma babu shinge ko mai duba fasfo tsakaninta da Ingila. Daga Accra zuwa Landan jirgin sama yana cin kamar awa shida da rabi. Lokacin da muka je, daga Manchester akwai jirgin ƙasa da yake kai mutum har cikin Llandudno a cikin awa biyu da ɗoriya, yana bi ta Chester da Rhyl da Colwyn Bay, kuma duk wanda ya zauna ta hannun dama zai yi ta kallon teku a rabin tafiyar na ƙarshe. Wanda ya taso daga tashar Euston ta Landan kuwa yawanci a Llandudno Junction zai sauka, wadda tasha ce dabam, kimanin kilomita 5 daga garin, sai ya sake ɗan gajeren jirgi ko ya ɗauki tasi. Akwai katin rangwame na iyali da yake rage wa manya kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti, ya rage wa yara kashi 60 cikin ɗari, yaran da ba su kai shekara biyar ba kuma ba a biya musu. Ga ayari irin namu, tafiya ɗaya ta isa ta mayar da kuɗin katin.

Garin yana zaune ne a kan wata tsirin ƙasa tsakanin duwatsu biyu, babban da ake kira Great Orme mai tsawon mita 207, da ƙaramin da ake kira Little Orme, kuma yana da gaɓa biyu, ta arewa da ta yamma. Mazaunansa ba su fi dubu 20 da wani abu ba. Abin da ya bambanta shi da sauran garuruwan bakin teku shi ne ba girma ya yi da kansa ba, tsara shi aka yi a takarda. Kafin tsakiyar ƙarni na 19 ƙauyen masunta ne da masu haƙar ma'adinai, sai iyalin Mostyn, waɗanda suka mallaki filin, suka yanka shi da niyyar gina wurin hutun masu hali daga Liverpool da Manchester, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1858. Har yau wannan iyali ne ke riƙe da kaso mai yawa na ƙasar garin, shi ya sa dogon layin gidajen da ke fuskantar teku ya zauna yadda aka gina shi, farare da masu launi mai sanyi, babu rumfar mai talla ko ɗaya da ta kutsa tsakaninsu. Titunan suna da faɗi, a shimfiɗe suke, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake tafe da tsohuwa mai ciwon gwiwa.

Masaukinmu ɗaya ne daga cikin irin waɗannan tsofaffin gidaje, a wani layi da ke bayan gaɓar arewa, irin wanda mata da miji suke gudanarwa da kansu, ana biyan kuɗin kwana haɗe da karin kumallo. Ta fuskar tsabta ban ga abin kushewa ba ko kaɗan. Zanen gado fari tas, tawul a sauya ba tare da an roƙa ba, akwai butar lantarki da ganyen shayi da madara a kowane ɗaki, kuma kan soket ɗinsu iri ɗaya ne da namu na Ghana, don haka cajar waya ta shiga ba tare da neman wani abu ba. Matar gidan mace ce mai fara'a da haƙuri. Da ta fahimci cewa Hajiya ba ta jin Turanci sosai, sai ta riƙa yi mata magana a hankali tana nuni da hannu, kuma kowace safiya sai ta tsaya ta gaishe ta kafin ta gaishe da kowa, abin da ya sa Hajiya ta yanke hukunci tun ranar farko cewa wannan mata ta samu tarbiyya.

Matsalar tana cikin ginin kansa, kuma ita ce matsalar yawancin gidajen garin. Gida ne mai hawa huɗu, siriri, an gina shi tun kafin a san na'urar hawa bene, matakalarsa a tsaye take kuma ƙunci gare ta. Shafin da aka kama ɗakin ta cikinsa ya nuna hoton gado da taga da labule, amma bai faɗi a wane hawa ɗakin yake ba, sai da muka iso da akwatuna muka tarar an ba Hajiya ɗaki a hawa na uku. Ɗakin ƙasa ɗaya ne tak, kuma da mutum a ciki. Sai da ya tashi aka mayar da ita ƙasa, kafin nan kuwa kowace fita da dawowa sai an tsaya ana hutawa a kowane hawa, ɗana yana biye da ita yana tsokanarta, ita kuma tana cewa, "Angona, in ka isa miji ka goya ni mana." Na ɗauki wannan a matsayin gazawar masaukin, domin gidan da yawancin baƙinsa tsofaffi ne ya kamata ya bayyana hawan kowane ɗaki tun kafin a biya kuɗi. Duk wanda zai je da dattijo, ya buga waya ya tambaya, ya kuma nemi a rubuto masa amsar.

Akwai wasu ƙa'idoji da mutumin gida zai ji su baƙi. Kowane ɗaki yana da adadin mutanen da aka yarda su kwana a ciki, saboda dokar kariya daga gobara da sharuɗan inshora, don haka dabarar nan tamu ta shimfiɗa wa yara bargo a ƙasa ba ta aiki, dole a kama ɗakin iyali ko a ƙara ɗaki. A rufin kowane ɗaki akwai na'urar da ke jin hayaƙi, kuma ba ta bambanta gobara da turaren wuta, shi ya sa ƙanwata ta karɓe kaskon Hajiya tun a Manchester. Banɗakin ba shi da buta, kuma famfon wanke hannu biyu ne a rabe, ɗaya na ruwan da ke ƙona fata, ɗaya na ruwan da ke daskarar da yatsu, wanda ya sa alwala ta zama sai an haɗa ruwa a mazubi. Mu da muka taho da butocinmu na roba ba mu sha wahala ba. Karin kumallo kuma yana da lokacinsa da safe, wanda ya makara ya yi asara, komai yawan kuɗin da ya biya.

A kan wannan karin kumallon ne nake ganin iyalin Musulmi suke asarar kuɗi ba tare da sun lura ba. Cikakken farantin da ake alfahari da shi a can rabinsa naman alade ne, soyayye da na tsiran Turawa, har da wani baƙin curi da ake yi da jini. Matar gidan ta yi mana adalci gwargwadon iyawarta: ta ware kasko dabam, ta soya mana ƙwai da tumatir da lemar kwaɗi, ta kawo wake cikin miyar tumatir da gasasshen burodi da man shanu da kunun hatsinsu. Abincin yana da kyau, amma kuɗin da muka biya na cikakken faranti ne, kuma bayan safiya ta uku da ta huɗu yara suka fara tambayar koko da ƙosai. Babu kicin da baƙo zai shiga, babu firji a ɗaki, saboda haka abincin rana da na dare duk a waje ake saye, ga baki bakwai, da fam, ana lissafawa da sidi a zuci. A nan ne kuɗin hutun ya fi zuba, fiye da tikitin jirgin ƙasa, fiye da duk wuraren kallo in an haɗa su.

Abincin wajen kansa yana buƙatar tambaya. Soyayyen kifi da dankalin Turawa shi ne abincin bakin teku a can, kuma idan aka dace da wuri mai kyau kifin fari ne, sabo, mai laushi, yanki ɗaya ya ishi yara biyu. Sai dai wasu shagunan da kitsen saniya suke suya, wasu kuma suna kwaɓa ƙullun da ake tsoma kifin da giya, don haka sai an tambaya kafin a saya, kuma ban ga wanda ya ɓata rai don an tambaye shi ba. Haka ma ɗan wainar nan tasu mai zabibi da ake gasawa a kan tanda, wasu da man shanu suke yi, wasu da kitsen alade. Akwai gidajen abinci na mutanen Bangladesh da Turkiyya da suke sayar da naman halal, su ne suka riƙe mu da dare, ko da yake wani daga cikinsu ya kawo mana shinkafa mai sanyi a tsakiya, alamar ɗumame ce, kuma da muka yi magana sai aka sake ɗumama ta aka dawo da ita. Abincin ƙasar gaba ɗaya ba shi da yaji. Uwargida ta taho da garin yaji da garin rogo daga kasuwar Kejetia, su ne suka ceci yawancin faranti. Amma kada wani ya yi gangancin sa kilishi ko wagashi a akwati, domin dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama ko abin da aka yi da madara.

Game da salla, abu biyu ne za su ba mutumin Kumasi mamaki. A gida magariba tana faɗuwa wajen ƙarfe shida da 'yan mintoci duk shekara, a can kuwa a farkon Agusta rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, isha ta wuce goma, asuba kuma ta zo tun mutum bai gama juyi ba. Alƙibla ma ta sauya, daga gabas mai karkata arewa da muka saba zuwa kudu maso gabas. A cikin garin ban ga masallaci ba, amma akwai wata ƙaramar cibiyar Musulunci a Llandudno Junction inda ake sallar Juma'a, kuma motar haya tana kai wa can cikin ɗan lokaci. Sauran salloli a ɗaki muka yi su, da sauƙin da shari'a ta ba matafiyi. Uwargida da Hajiya sun yi ta yawo da mayafansu a ko'ina, ba mu gamu da wanda ya faɗa musu magana marar daɗi ba, kuma a ranakun ƙarshen mako gaɓar takan cika da iyalai Musulmi daga garuruwan arewacin Ingila.

Sai maganar teku, wadda ita ce ta fi yaudarar mai kallon hoto. Gaɓar arewa, wadda ake ɗauka a sa a talla, mafi yawanta duwatsu ne masu santsi, yashi ɗan kaɗan ne ta ɓangaren da ke kusa da gadar shaƙatawa. Bayan guguwar hunturun 2013 zuwa 2014 an ƙara zuba dubban tan na duwatsu don kare garin daga ambaliya, kuma har yanzu mutanen garin suna jayayya a kan ko a mayar da yashi. Ruwan Tekun Ayilan a watan Agusta, wanda shi ne lokacin ɗuminsa, bai fi digiri 15 zuwa 16 ba. Yarana, waɗanda suka saba da Labadi idan mun je Accra, sun ruga da gudu, suka tsoma ƙafa, suka dawo da gudun da ya fi na zuwa. Yaran Turawa kuwa suna ciki suna iyo, wasunsu da rigar roba mai riƙe ɗumin jiki. A can ƙarshen gabas na hanyar yawon bakin teku akwai wani faffaɗan kwarmin ruwa marar zurfi da aka gina don ƙananan yara, kyauta, kuma a ranar da rana ta fito ya fi tekun amfani nesa ba kusa ba. Ana kuma hawan jaki a kan yashi da kuɗi, abin da Hajiya, wadda ta yi ƙuruciyarta a arewa, ta ce ba da kuɗin ɗanta ba.

Gaɓar yamma ta fi dacewa da iyali. Yashi ne shimfiɗe, babu hayaniya, ana hango duwatsun Eryri da tsibirin Anglesey, kuma nan ne rana take faɗuwa. Amma a nan akwai haɗarin da ba mu san irinsa a Ghana ba. A gaɓarmu bambancin cikar teku da janyewarta bai fi mita ɗaya da wani abu ba, abin tsoronmu igiyar ruwa ce mai ja. A Llandudno bambancin yana iya kai mita 7 ko fiye, ruwa ya janye har ya bar fili mai nisa da yake kiran yaro ya shiga, sannan ya dawo ta kwaroron da ke bayan mutum, ya yanke masa hanya tun yana ganin gabansa busasshe. An kafa alluna na gargaɗi, ana kuma samun jadawalin lokutan cikar ruwa a waya. Duk uban da zai saki yara a can ya duba shi tukuna.

Gadar shaƙatawar da ta kutsa cikin teku an buɗe ta a 1877, tsawonta mita 700, ita ce mafi tsawo a Wales, ƙafafunta na ƙarfe, shimfiɗarta ta katako, kuma shiga kyauta ne. Tafiya zuwa ƙarshenta da yamma tana cikin abubuwan da suka fi yi mini daɗi, domin daga can ake ganin lanƙwasar garin gaba ɗaya, a ɗaya ɓangaren kuma a hango injinan samar da lantarki daga iska na Gwynt y Môr, guda 160, tsaye a tsakiyar ruwa. Abin da zan ja hankalin iyaye a kai shi ne ɗakunan wasan da ke kan gadar, cike da injinan da ake jefa musu kwabbai ana fatan su turo wasu. Kuɗin ƙanana ne, fitilun suna jan ido, amma caca ce aka yi wa kwalliya don yara, kuma gara a yi wa yaro bayani kafin a iso ƙofar da a ja shi yana kuka. Kusa da bakin gadar akwai wasan 'yar tsana da iyalin Codman suke yi tun 1860, yara sun yi dariya ko da ba su gane rabin abin da ake faɗa ba. Sai tsuntsayen teku, manya, farare, marasa kunya, waɗanda suke fizgar abinci daga hannun mutum kamar yadda shirwa take yi wa yaron da aka aika sayen nama. Ɗaya ya sauko ta bayan 'yata ya tafi da rabin askirim ɗinta. Ana hana ba su abinci, kuma dabarar mutanen garin ita ce a ci a jingine da bango ko a ƙarƙashin rumfa.

Abin da ya biya kuɗin tafiyar a wurina shi ne babban dutsen da taragon da ke hawansa. An buɗe layin a 1902, aka kammala ɓangaren sama a 1903, kuma shi kaɗai ne ya rage a Birtaniya a cikin taragon da igiyar ƙarfe ke ja a kan titin da motoci ke bi. Taragon ba shi da inji a jikinsa. Injin yana tashar tsakiya, yana naɗe igiya, kuma taragu biyu ne a ɗaure a kowane ɓangare, mai saukowa yana taimakawa wajen jan mai hawa, su yi kiciɓis a inda layin ya rabu biyu. Da tururi ake juya injin a da, daga baya aka koma lantarki, amma taragun su ne dai na asali, shuɗaye, da kujerun katako. Yana tashi daga cikin gari, ya bi wani siririn titi mai tsananin gangara tsakanin gidajen mutane, har mutum ya ga tukwanen furen da ke tagoginsu, a tsakiya a sauka a sake wani, sai ga fili da ciyawa da teku ta kowane gefe. Ma'aikatan sun taimaka wa Hajiya hawa ba tare da gaggauta ta ba. Tagoginsa ba su da gilashi, saboda haka a sa rigar sanyi ko da ana rana a ƙasa, kuma yana aiki ne daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kawai. A watan Agusta layin masu jira yakan yi tsawo daga hantsi, wanda ya fito da wuri shi ke samun kujera cikin sauƙi. Akwai kuma keken sama mai rataye a waya, wanda aka buɗe a 1969, amma ana tsayar da shi duk lokacin da iska ta yi ƙarfi, don haka ba abin da za a yi wa yara alkawarinsa ba ne.

A kan dutsen akwai awakin daji farare masu dogon gashi da manyan ƙahoni, 'yan asalin Kashmir, waɗanda kakanninsu suka fito daga garken gidan sarautar Ingila a zamanin Sarauniya Victoria. Su ne suka sauko cikin gari a 2020, lokacin kullen korona, suna cin shingen furen mutane, hotunansu suka zaga duniya. Daga cikin wannan garke ne rundunar sojan Wales take zaɓen bunsurun da yake shige mata gaba a fareti, kuma mutumin Kumasi yana da dalilin tsayawa a kan wannan, domin rundunar Royal Welch Fusiliers, wadda aka gaji wannan al'ada daga gare ta, tana cikin sojojin da Garnet Wolseley ya kawo yaƙin Sagrenti, wanda aka ƙone Kumasi a cikinsa a watan Fabrairun 1874, zamanin Asantehene Kofi Karikari. Na faɗa wa yara wannan a kan dutsen, su kuwa hankalinsu yana kan ko bunsurun zai isa layya.

Kusa da tashar tsakiya akwai ramukan haƙar jan ƙarfe da aka gano a 1987, waɗanda shekarunsu suka kai wajen 4,000. Ana ba mutum hular kwano ya shiga da ƙafarsa ta cikin hanyoyin da aka haƙa da guduma ta dutse da ƙasusuwan dabbobi, tun kafin a san baƙin ƙarfe a wannan yanki. Jan ƙarfen ana haɗa shi da kuza a samu tagulla, a ƙera gatari da makamai. Wasu hanyoyin sun yi ƙunci har masana suna ganin ƙananan yara ne suka haƙa su, kuma wannan bayani ya sa 'ya'yana shiru fiye da duk wa'azin da na taɓa yi musu a kan karatu. Cikin ramin akwai sanyi da danshi da matakalai, don haka bai dace da tsoho ko mai tsoron matsatsi ba. Hajiya ta jira mu a sama da kofin shayi.

Rana ɗaya ta isa a je Conwy, wanda yake 'yan kilomitoci kaɗan ta motar haya. Sarki Edward na Ɗaya ne ya gina sansanin dutsen da ke can tsakanin 1283 da 1287, bayan ya ci Wales da yaƙi, da hasumiya takwas da ganuwar da ta kewaye garin, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1986. Ya girmi sansanin Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, da kusan shekara 200. Hawan hasumiyoyin na masu ƙarfin gwiwa ne, kuma a riƙe hannun yaro sosai. A bakin kogin akwai wani jan gida da ake cewa shi ne mafi ƙanƙanta a Birtaniya, faɗinsa bai kai mita 2 ba, an zauna a cikinsa har zuwa 1900. Ana biya a leƙa, leƙen kuma bai fi minti biyu ba. Hoto daga waje ya wadatar.

Yanayin sama shi ne abin da babu mai masaukin da zai ɗauki alhakinsa. Zafin rana a Agusta yakan tsaya wajen digiri 19 ko 20, iska kuma tana kaɗawa daga teku, ana iya yin rana da yayyafi da rana kuma kafin azahar. Rigar ruwa mai hula ta fi lema amfani, domin iskar tana juya lema. Garin kuma yana kwanciya da wuri: yawancin shagunan titin Mostyn suna rufewa kafin ƙarfe shida alhali rana tana sama, ranar Lahadi kuma doka ba ta barin manyan kantuna su wuce awa shida a buɗe. Matashin da yake neman hayaniyar dare zai gaji da wurin cikin kwana biyu. Wanda zai yi hayar mota ya tuna cewa ta hagu ake tuƙi, kuma tun Satumbar 2023 iyakar gudu a yawancin titunan cikin gari a Wales mil 20 ce a awa, ko da yake mu ba mu ga buƙatar mota ba, ƙafa da motar haya sun kai mu ko'ina.

Da muka zauna lissafi da ƙanwata a jirgin komawa Manchester, ta ce, "Yaya, in Allah ya kai mu wata shekara, gida za mu kama." Ta nuna mini a waya irin gidajen da ake ba da haya na mako, da kicin da firji da injin wanki, wasu a hawan ƙasa, da dama daga cikinsu ta wajen gaɓar yamma. Kuɗin makonsu bai kai na ɗakuna uku a masaukinmu ba, kuma ana iya sayo naman halal da doya da ayaba a kasuwannin Cheetham Hill ko Longsight na Manchester a taho da su cikin jaka mai riƙe sanyi, sauran cefane a yi a manyan kantunan garin. Sai dai irin waɗannan gidaje na watan Agusta tun farkon shekara ake kame su, ita kuwa biza ba a neman ta sai saura wata uku a tafi, saboda haka a zaɓi wanda yake mayar da kuɗi idan an fasa.